Babban B da Baƙin Asabari

Ni ba mai son fita ba ce. Duk wanda ya san ni a unguwar Talaje ta Yamai ya san inda zai same ni: tsakar gida, gindin dogon yaro, da faifai a cinya. Babbar Kasuwa sau biyu nake zuwa a shekara, kuma kowane zuwa sai na dawo da ciwon kai. Ko Lazare da ke nan cikin gari, in aka ce mini ana suna can, sai na kwana biyu ina shawara da ƙafafuna. Shi ya sa ranar da maigidana ya dawo daga biro, wato ofis, ya ce mini wataƙila a tura mu Gigimi, abin da na fara tambayarsa shi ne ko garin a cikin ƙasarmu yake.

Ya ce, "Cikin ƙasarmu yake. Inda hanya ta gaji ta zauna, to gaba kaɗan."

Shekarar ce sojoji suka sake karɓe mulki, damina kuma ta yi mana rowa. Gero ya hau, ya ƙi saukowa. Shanun da ake korowa gari ka ce an rataya fata a kan itace. Kusan kowane mako sai mun yi baƙi daga ƙauye, su zo da sanda da buhu babu komai, su ce sun zo gaisuwa, mu kuma mu yi kamar mun yarda gaisuwar ce. A irin wannan shekara ne za a ce in kwashe tukwanena in bar gidan da na san kowace ɓaraka ta bangonsa, da maƙwabtan da in gishirina ya ƙare sai dai in ɗaga murya.

Maigidan nawa daktilo ne, wato mai buga takardu da keken rubutu, a wani biro da ke kula da aika hatsi garuruwa. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki. Bagobiri ne, da zane a fuska da girman kai a wuya. A unguwa ana kiransa Mushe, irin yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, ni kuwa in ya ɓata mini rai sai in ja kalmar kaɗan ta koma mushen da ungulu ke ci, in ya juyo in ce harshena ne ya zame. Amma aiki kam ya iya. In ya kawo keken gida yana bugawa, ko ina madafa na san inda yake a cikin wasiƙa. Na san ƙarar gaisuwar sama, na san ƙarar rufewa, na san lokacin da ya yi kuskure, don sai ya yi shiru ya ja tsaki ta hanci. Ajina huɗu a lakwal, wato makarantar boko, Faransancina na kunne ne, amma kunnen bai taɓa ba ni kunya ba.

Sojoji da suka zo sai aka kawo musu wani kapitan ya zama shugaban biro. Yaro ne a kan maigidana, amma yaro mai bindiga ba a ce masa yaro. Ya sa aka kwashe kekunan rubutu aka zuba a ɗakin ajiya, aka raba wa masu buga takardu odinater, wato kwamfuta, irin mai naɗewa kamar faifai da murfinsa. Ya ce ya ba su mako biyu. Ranar Alhamis ta biyu zai zaunar da kowa, ya faɗi wasiƙa da baki, a buga, a fitar da ita a takarda a gabansa. Wanda ya kasa, akwai wurare a Gigimi suna jiran mutane.

Buga haruffa bai dame shi ba, don haruffan suna inda ya san su. Abin da ya kayar da shi ɗan ƙaramin abu ne mai wutsiya da ake kira suri, wato ɓera. Sai ka tura ɓeran nan a kan tebur, wata 'yar kibiya ta yi yawo a gilashi, ka kai ta inda kake so, ka danna sau biyu da sauri. Hannun da ya shekara ashirin da shida yana dukan ƙarfe ba ya jin wannan magana. In ya tura, kibiyar ta tsere ta ɓuya a kusurwa. In ya danna, sai ka ji kamar ya kashe kunama. Mako guda cur yana dawowa da odinater gida, yana zama yana kokawa da ɓera, ɓera yana kayar da shi. Ni kuwa ina gefe ina lissafin wace tukunya za ta iya kai wa Gigimi ba ta fashe ba.

Ranar Juma'a na ce masa, "Malam, ga maƙwabciya nan bayan katanga. Aikinta ke nan."

Ya ce, "Wa? Bazabarma? Gara Gigimi."

Maƙwabciyar tamu haifaffiyar Yamai ce, tana koyar da odinater a wata makaranta, tana kuma gyara su a ɗakinta. Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa kuwa kowa ya san wasa ne tun kakanni, kowane na cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi. Su biyun nan sun ɗauki wasan kamar aikin gwamnati, ba hutu. Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya gare ta. Ni tana ce mini "kai". Shi kuwa kullum "ke" take ce masa, kuma har yau ban yarda kuskure ne ba.

Na je bakin katanga na kira ta da kaina.

Ta shigo ranar Asabar da hantsi, ina tsinkar zogale. Ta tsaya a kansa ta kalli kokawar ta ɗan lokaci, hannu a ƙugu.

"Ke, Bagobiri, ɓeran nan ya ci miki gero ne?"

"Baiwa ba ta magana in ubangidanta na aiki."

"Wannan aiki ne? Matsa."

Ta zauna, ta cire ɓeran daga hannunsa kamar mai karɓe wuƙa daga hannun mahaukaci. Tana da wata ɗabi'a: in tana aiki, duk abin da za ta taɓa sai ta faɗi sunansa da ƙarfi, kamar tana kiran awaki. Ta buɗe wata taga baƙa ƙirin, babu hoto, babu kibiya, sai ɗan farin layi yana ƙifta ido. Ta ce sunanta tarminal. A nan ba a nuna wa inji abu da yatsa, rubuta masa ake yi, shi kuma ya yi.

Na ga fuskar maigidana ta sake. Ya matso da kujera. Ya ce, "To, ga abin mutane. Da ma akwai wannan, aka bar ni da ɓera?"

Ta shirya masa kalmomi uku. In ya buga ta farko, sabuwar takarda ta buɗe. In ya buga ta biyu, tsofaffin wasiƙu su jeru. Ta ukun ita ce mai aika wasiƙa ga injin da ke fitar da takarda, kuma sai da ta gama shiryawa ta gaya masa kalmar: fofo. Wato na gode, da Zabarmanci.

"Kullum in za ki fitar da takarda sai kin gode wa Bazabarma," in ji ta.

"Canza ta."

"Ba ta canzawa. Haka Turawa suka yi ta."

Ni dai na sunkuyar da kai cikin zogale, kafaɗuna na rawa.

Saura matsala ɗaya. Kafin ka kai ga baƙar tagar, sai ka bi ta hannun ɓera. Ta ce akwai maganin wannan. Akwai wata irin tarminal da ake ratayewa a can saman gilashi, ba a ganinta, in ka taɓa maɓalli ɗaya sai ta sauko, in ka sake taɓawa ta koma. Ta ciro wani ɗan abu kamar ɗan yatsa daga jakarta ta soka a gefen odinater don ya jawo mata abin daga intanet. Ta buga layi guda. Rubutu ya yi ta gudu sama kamar tururuwa, muka jira, ta sha ruwa, ta zagi Gobirawa kaɗan don kada lokaci ya tafi a banza. Da ya gama, ta ce wa abin ya riƙa tashi da kansa duk lokacin da aka kunna inji, ta rage tsawonsa ya tsaya a rabin gilashi. Sannan ta taɓa wani maɓalli a layin sama, can ƙarshe, mai F da sha biyu.

Baƙin abu ya zubo daga sama, shuu, ya rufe rabin gilashin. Ta sake taɓawa, ya naɗe ya koma.

Na ce, "La! Asabari!"

Don sak irin asabarin ƙofar ɗakina ne, wanda nake saki in rana ta juyo. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa da wani suna a gidanmu, har ita malamar.

Da an tsaya nan da lafiya lau. Amma Bagobiri ba ya karɓar kyauta bai sami aibinta ba. Ya ce maɓallin ya yi nisa. Ya ce daktilo na gaske ba ya ɗaga hannu daga layinsa ya tafi yawo can sama kamar mai tsinkar mangwaro. Shi zai zaɓi nasa.

Ta ce, "To, sarki." Ta kama ɓera, tana kiran awakinta: ɗan hoton kusurwa, danna dama, preferansi, rakursi. Rakursi shi ne yanke, hanyar da ba ta zagaye. Wani ɗan akwati ya buɗe a gilashi yana jira.

Daidai nan wayarta ta yi ƙara. Na ga ta miƙe tsaye tana salati. Kawunta ne ya rasu a wani ƙauye bayan Doso, kuma motar da za ta kai su tana shirin tashi. Ta zare ɗan abinta, ta saɓa jaka, waya a kunne. A bakin ƙofa ta juyo ta jefo magana, rabi Zabarmanci rabi Faransanci, cewa duk maɓallin da aka fara taɓawa shi akwatin zai riƙe. Ni na ji. Shi kuwa yana ta yi mata ta'aziyya da "Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta," bai ji komai ba. Ni ma ban ɗauki maganar da nauyi ba, hankalina yana kan rasuwar.

Aka kira azahar, ya yi salla, ya ci dambu. Ya dawo ya zauna gaban injin, ya lanƙwasa yatsu suka yi ƙara. Ina wanke kwano na ji ya buga wani abu gajere. Ya ce, "To, ya karɓa." Sai wuta ta ɗauke, batir ɗin kuma da ma ya kusa mutuwa, ya rufe murfin. Lahadi muka yi baƙi daga ƙauye, mutum biyar, bai taɓa shi ba.

Litinin da la'asar na ji tsayuwar moto, wato babur ɗinsa, na san ba lafiya. In yana cikin daɗi yakan bar injin ya ɗan yi waƙa kafin ya kashe. Ran nan tun daga waje ya kashe shi, ya turo shi da hannu.

"Bazabarma ta kashe ni," in ji shi. "Wasa wasa ne, amma wannan ba wasa ba ne."

Na ba shi ruwa, na ce ya faɗa mini daga farko. Ya ce da safe ya taɓa maɓallin sama, asabari ya ƙi saukowa. Ya daure ya buɗe takarda da ɓera, da gumi da komai. Yana cikin buga wasiƙa, ya zo kan sunan garin Buza, yana taɓa babban B, sai baƙin abu ya faɗo masa. Sauran sunan da rabin jimlar duk suka zube cikin asabari, wasiƙar kuwa ba ta sami komai ba. Ya gwada ƙaramin b, lafiya lau. Ya gwada babban A, babban D, lafiya lau. Babban B kaɗai, yana taɓawa asabari ya sauko, ya sake taɓawa ya hau.

Na ce, "To ka bar shi mana. Haruffa nawa ne a duniya?"

Ya dube ni irin kallon da yake yi wa ɓera. Ya ce garuruwan da ake aika wa hatsi, Buza da Bagaruwa da Birnin Konni da Belbeji, in ce musu su canza suna? Sannan ya rage murya, ko da yake daga ni sai kaji. Sunan kapitan da B ya fara. Sunan ubansa ma da B ya fara. Kuma a ƙasan kowace wasiƙa sai an sa su duka biyu.

"Ka sa masa ƙarami."

"In sa wa soja ƙaramin harafi? Ke kina son Gigimi ta yi mini kusa ke nan."

Ya tabbata maƙwabciya ce ta ɗana masa tarko, kamar yadda ta yi masa da fofo. Muka kira wayarta har sau nawa, ƙauyen nasu babu rezo, waya ba ta shiga. Ya ce in ta dawo shi da ita sai gaban mai unguwa. Na ce wasan Gobir da Zabarma ba ya zuwa gaban mai unguwa. Ya ce wannan zai fara.

Talata ya gwada dabara. Ya bar gurbi a duk inda babban B yake, da takarda ta fito ya cike da alƙalami, a hankali, da kyakkyawan hannu. Sajen da ke kai wa kapitan takardu ya ɗaga ta sama ya duba a haske, ya dawo masa da ita, ya tambaye shi ko nan makarantar allo ce. Sai ya gano wata hanyar: in ya danna maɓallin da ke kulle manyan haruffa, ya buga b, ya sake buɗewa, asabari ba ya motsi. Ya dawo gida da ɗan haske a fuska. Amma hanyar tana aiki ne in yana tafiya a hankali yana tunani. Da ya saki hannu, ƙaramin yatsansa ya koma inda ya saba shekara ashirin da shida, ba ya shawara da kowa. Kapitan kuwa an ce in yana faɗar wasiƙa kamar ana korarsa yake.

Laraba da la'asar ya ce in zauna in zama kapitan. In riƙa kiran garuruwa da sauri, shi yana bugawa, ko yatsan zai koyi hankali kafin gobe. Ban iya karanta takardarsa da sauri ba, sai na kira su yadda 'yan kamasho ke kira a tasha.

"Dogon Dutsi! Madawa! Tawa, Tawa, saura mutum ɗaya!"

"Bar saura mutum ɗaya."

"Keita! Illela! Buza!"

Shuu. Asabari.

Ya ja tsaki, ya ɗaga shi, muka sake. Tasawa, Mayayi, Dakwaro, Bagaruwa. Shuu. Muka sake. A karo na huɗu na rufe ido, don na gaji da ganin wuyansa yana kumbura. Da na rufe ido sai na ji abin sosai. Kafin asabari ya faɗo akwai ƙara biyu manne da juna, ɗaya mai laushi ɗaya mai ƙarfi, ta-ƙwas. Na san wannan ta-ƙwas ɗin. Na san abin da ke biye da shi ma, bugu takwas, da biyu masu kama da juna kusa da ƙarshe. Duk ranar da ya sa sabon zare a keken rubutu, duk ranar da aka gyara masa shi, duk safiyar da ya ɗora takardar farko, da shi yake farawa. Kuma shi na ji ranar Asabar ina wanke kwano.

Na buɗe ido. Na ce, "Malam, ranar Asabar bayan ka ci dambu, me ka buga?"

"Ban buga komai ba."

"Ka buga. Ina jin ka."

Ya ce, "Bismillah na yi. Sabon abu ne, sai in fara shi haka nan kamar kafiri?"

"Da babban B ko ƙarami?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Sunan Allah da ƙaramin harafi?"

Sai na gaya masa abin da maƙwabciya ta faɗa a bakin ƙofa, da bakinta da muryarta, har da yadda take cin rabin kalma. Akwatin yana jira ne a nuna masa maɓalli. Wanda aka fara taɓawa shi zai riƙe.

Ya miƙe tsaye. "Kina nufin Bismillah ce ta ɓata mini aiki? Yi istigfari!"

Na ce, "Astagfirullah. Ni ban ce ta ɓata ba. Cewa na yi an karɓa. Kai ma da bakinka ka ce ya karɓa."

Ya zagaya dogon yaro sau biyu. Ya tsaya ya kalli katangar maƙwabciya, wadda ya kwana uku yana tsine wa. Ya dawo ya zauna. Da ya buɗe baki, muryar ta sauka ƙasa sosai.

"To yanzu ina akwatin yake?"

Nan fa. Shi bai kalli hanyar da ta bi ba, yana can yana jayayya a kan mangwaro. Kuma hanyar ta ɓera ce. Ni ban iya karanta abin da ke gilashin ba, amma sunayen awakin suna kunnena a jere. Na goge hannu a zane, na ce ya ba ni ɓeran.

"Ke?"

"Hannun da ke tsince tsakuwa a shinkafa. Kawo."

Ashe ba wani abu ba ne. Ɗan tura shi ake yi kamar ana lallashin jariri. Kibiyar ta bi ni kamar ta san ni. Na bar ta ta yi zagaye ɗaya a tsakiyar gilashi don ya gani.

Na ce, "Ɗan hoton kusurwa." Ya nuna da yatsa, na kai kibiya. "Danna dama." Wani jeri ya fito. "Nemo mini preferansi." Ya karanta, ya nuna, na danna. "Rakursi." Ya bi layi da farce har ya same shi, ga shi kuwa a rubuce a gabansa, babban B ɗinsa zaune daram kamar mai gadi. Ya yi wani ƙaramin sauti a maƙogwaro. Na danna, akwatin ya buɗe yana jira.

Na ga hannuwansa sun tashi da kansu, yatsu sun lanƙwashe.

"Malam! Zauna a kan hannunka."

Wallahi ya zauna a kansu. Babban mutum, da furfura a gemu.

Na ce, "Wanne kake so?"

Ya ce, "Na saman. Mai F da sha biyu."

"Ba ya yi nisa ba?"

"Ke dai."

"To ka yi Bismillah da baki."

Ya yi da baki. Ya zaro hannu ɗaya, ya miƙa yatsa guda, ya taɓa maɓallin kamar mai gwada zafin tukunya. Akwatin ya rufe. Ya taɓa shi kuma, asabari ya sauko. Ya taɓa, ya hau. Sannan ya koma kan takarda ya buga babban B. Ya fito, baƙi, da cikinsa biyu, ba abin da ya faɗo. Ya sake bugawa. Ya cika layi guda da B, ya shiga na biyu, sai da na ce masa tuwo zai huce.

Alhamis ban iya zama ba. Na share tsakar gida sau biyu, na yi faɗa da kaza a kan abin da ba laifinta ba. Duk moton da ya wuce sai na tsaya da tsintsiya a hannu. Can bayan la'asar na ji nasa, kuma ya bar injin yana waƙa a ƙofar gida har maƙwabta suka leƙo.

Ya ba ni labarin tun bai cire takalmi ba. Kapitan yana faɗa yana kai da kawowa, hannu a baya, garuruwa suna zubowa, Buza da Belbeji da duk danginsu. Kafin ya juyo daga bakin taga an gama, har da sunansa da na ubansa, kowanne da babban harafinsa. Kapitan ya ce a fitar. Maigidana ya miƙa yatsa sama, baƙin asabari ya zubo, sai kapitan ya ja da baya, saje ya kai hannu ƙugu.

"Mene ne wannan? Me kake ɓoyewa a nan?"

Ya ce ba ɓoyo ba ne, yanke ne. Ya buga kalmarsa, inji ya turo takarda. Kapitan ya sunkuya ya karanta abin da ke cikin baƙar tagar, ashe yana jin Zabarmanci.

"Wa kake yi wa fofo?"

"Injin, mon kapitan. Ladabi."

Ya ce kapitan ya daɗe yana kallonsa, sannan ya karanta wasiƙar daga sama har ƙasa bai sami ko ɗigo ba. Ya sa shi ya saukar da asabarin ya ɗaga har sau uku. Ya juya ya ce wa saje ashe akwai masanin odinater a biron nan aka ɓoye masa. Mutum biyu aka rubuta wa Gigimi a ranar, ɗayansu abokin shayinsa ne, mai 'ya'ya bakwai. Amma sunan maigidana ba ya ciki.

Na ce alhamdulillahi, na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Sai a lokacin na lura da abin da ke ɗaure a bayan moto da igiyar roba. Odinater uku ne, manya, masu ƙura.

"Waɗannan fa?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce sun mutu ne tun kafin zuwan sojoji. Kapitan ya ce tunda ga masani, yana son su da rai ranar Litinin.

Maƙwabciya ta dawo ranar Juma'a. Asabar da safe ya sa babbar riga, muka shiga yi mata gaisuwa. Ya yi addu'a mai tsawo, ya yabi mamacin da bai taɓa gani ba, ya ƙara wata addu'ar. Ita kuwa tana kallon ƙofa, inda ya jingine injuna uku a inuwa.

"Bagobiri, waɗancan ma ta'aziyya suka zo?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe."

Ta sa hannu a kunne. "Ban ji ba. Kunnena ya toshe da ƙurar hanya."

Ya sake faɗa, da ƙarfi, har mijinta ya yi tari a ɗaki. Ta ce ya shigo da su, ya cire babbar rigar, ya zauna ya riƙe mata kwanon ƙusoshi, kuma in ɗaya ya ɓata sai ya share mata tsakar gida. A can ya wuni. Biyu suka tashi, na ukun ta ce ko a Gobir ba a tayar da irinsa.

Zancen B kuwa, a hanyarmu ta dawowa ya roƙe ni don girman Allah da zaman da muka yi kada ya kai kunnenta. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Na riƙe shi har kwana huɗu.